Yadda Na Kai wa Majo Tankari Tukunyar Huci

Tun ranar da na dawo Dogon Dutsi ban sha ruwa da daɗi ba saboda tambaya. In na fito masallaci a tare ni, in na zauna gindin dogon yaro bakin gidan waya a kewaye ni. "Gado, wai da gaske ka ƙetara ƙasar Ingilishi ba takarda?" "Wai tukunyar ta fashe?" "Wai an kori Majo?" Kowa da guntun labarin da ya tsinto a kasuwa. To ga shi daga bakin mai shi, ku ji sau ɗaya ku bar ni in huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni anfirmiye ne, mai jinya a asibitin garin nan. Lokotoronmu, wato likitanmu, mutumin Dahome ne, a Dakar ya yi karatu, Hausarsa ta kasuwa ce amma babu abin da ba ya ji. Farkon daminar nan aka aiko masa daga Yamai da wasu tukwane biyu na ƙarfe masu kauri. Kowace da murfi mai kusoshi da ake ɗaurewa tamau, a kan murfin kuma akwai ɗan agogo mai nuna ƙarfin tururi. Ana zuba ruwa kaɗan, a jera allurai da sirinji da almakashi da auduga kan wani faranti mai huji, a rufe, a ɗora bisa risho. Lokotoro ya ce akwai ƙwayar cuta wadda tafasasshen ruwa ba ya kashe ta, sai tururin da aka matse ya rasa hanyar fita.

Ranar da aka fara kunna ɗaya daga cikinsu, da ta saki huci, dukanmu muka yi waje, wani har da barin takalmi. Lokotoro bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Sai ya riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya kusa da mutum, ya sa shi ya ɗaure da hannunsa, ya kunna da hannunsa, ya sauke da hannunsa. Da haka tsoron ya ragu, ko da yake ni har yau in ta fara kuka sai na ji bayana ya yi sanyi.

Ana nan sai mummunan labari ya zo daga kudu. Can gaba da Tibiri, kusa da iyaka, akwai wani gari, bari in kira shi Tungar Maje, inda gwamnati ke da ɗan ƙaramin asibiti. Mai riƙe da shi Majo Tankari ne, tsohon soja, wanda ya koyi jinya a wurin yaƙi. Aka ce mutanen da ya yi wa allurar kini saboda zazzaɓi suna kumbura a wurin, kumburin ya nuna ya fashe da mugunya. Wata mata kuwa haƙoranta suka ɗame, jikinta ya sandare, ta rasu. Mutane suka ƙaurace wa asibitin, ga shi ƙarshen damina, lokacin da zazzaɓi ke ɗibar yara.

Lokotoro ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ya ce kwamandan, Baturen da ke mulkin yankinmu, ya ji, kuma ya ce a rufe wurin a sallami Majo. Shi ya roƙi a dakata. "Ka ɗauki tukunya ɗaya ka kai masa, ka koya masa. Zan zo rangadi in duba. In na tarar ba da ita yake aiki ba, babu sauran abin da zan iya faɗa wa kwamandan."

Na ce to, amma abin ya yi mini nauyi. Majo Tankari aminin mahaifina ne. Shi ya yi mini lamba ina yaro, shi ya matsa wa tsohona ya bar ni a lakwal, wato makarantar boko, shi ya ce in bi aikin asibiti. Baba nake ce masa. Yanzu ni za a aika in koya masa wanke allura.

Na shiga kamyon ƴan kasuwa, babbar motar kaya mai zuwa Doso, da akwatin tukunya da risho da garwar kananzir. Tun a tasha aka fara. Direba ya so ya kifa akwatin ya ɗora buhunan wake a kai, na hana, muka yi ta ka-ce-na-ce. A ƙarshe na zauna na rungume abina kamar mai jego. Wani tsoho da ke kusa da ni, shi ma da alamar ya yi soja, ya leƙa ta tsakanin katako ya ga ƙarfe da agogo, sai ya ja jiki ya ce da ƙarfi, "Jama'a, wanga abu na san shi. Irin shi anka tada gada da shi gabana." Nan take mata suka kwashe yaransu suka koma ƙarshen mota. Na yi bayani har muryata ta dushe, ba wanda ya dawo. Amfanin da na samu shi ne na miƙe ƙafa.

Kafin Kore Mai Ruwa kamyo ya kafe cikin laka. Muka sauka muka sari rassa muka cusa ƙarƙashin taya, muka tura, ya fita ya bar mu da taɓo har gira. A Kore na rabu da mota, don hanyar Tibiri a wannan lokaci sai ƙafa ko dabba. Na sami wani Buzu mai raƙumi da ya kawo gishiri zai yi kudu, muka daidaita.

A Tibiri na je na gai da Samna, sarkin garin, kamar yadda aka saba, fadawa suka kai ni masauki gidan wata dattijuwa mai suna Gwamma. Ƴar bori ce, ɗakinta cike da ƙoshiya da jan ƙyalle da tulunan da ban tambayi abin da ke cikinsu ba. Ta kawo mini tuwon gero da miyar yakuwa, da kopto, wato kwaɗon ganye, mai ƙuli-ƙuli, da tumu gasasshe na sabon hatsi. Rabona da abinci mai daɗin wannan na manta, amma hankalina na wurin Majo.

Labarin akwatina ya riga ni shiga gari. An ce Nasara sun kama doguwa sun rufe cikin ƙarfe, in ta ji wuta sai ta yi kuka. Gwamma ta ce, "Ɗana, buɗe mani in gani." Na buɗe. Ta ƙwanƙwasa gefen tukunyar, ta cusa kai ciki ta shinshina, ta ɗago ta ce wa matan da suka taru bakin ƙofa, "Babu kowa ciki. Ku tahi ku yi dakanku." Maganarta ta yi mini aikin da bakina ya kasa yi a mota.

Na tambaye ta me ake faɗa game da Majo. Ta ce wasu na cewa an yi masa jifa, wasu na cewa hannunsa ne ya lalace. "Ni dai na san shi tun yana da ƙarhi. Mutum na mai tsabta. Amma ruwa ba shi tsami banza."

Da safe muka kama hanya cikin fadama. Raƙumi da taɓo ba sa shiri, Buzun ma ya faɗa mini, ni na matsa don ina sauri. Muna tsakiyar wani wuri mai santsi sai ƙafafun raƙumin na baya suka buɗe, ya yi wani irin kuka ya zube gefe guda. Na faɗa cikin ruwa, akwati ya bi ni. Ban ko duba jikina ba na rarrafa na ɓalle katako. Tukunya lafiya, agogo lafiya. Ina cikin hamdala sai wari ya bugi hancina. Garwar kananzir ta daki kututturen goriba ta tsage, man yana malala bisa ruwa yana ƙyalli. Muka tare abin da muka iya da ƙwarya, bai fi na fitila ba.

Tun daga nesa Majo ya gane ni. Yana tsaye ƙofar asibitinsa, ɗaki biyu na ƙasa da rufin kwano, ya ɗaga hannu yana kira, "Gado! Ɗan Mayaƙi! Kai na bisa raƙumi awa Buzu?" Ya rungume ni da taɓona. Ranar kasuwar garin ce, amma rumfar da marasa lafiya ke zama babu kowa sai akuya.

Ya sauke ni gidansa, aka yanka mini zakara. Sai da muka ci muka wanke hannu sannan na faɗi abin da ya kawo ni, ina kallon tabarma. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Madalla. Lokotoro ya kyauta. Ka huta tukuna, gobe mu gani."

Gobe ta yi ya ce zai je gaisuwar mutuwa. Wata goben ya ce ƙafarsa na ciwo. Da na matsa, sai ya ja ni ɗakin allura ya nuna mini wani ɗan kwanon ƙarfe da ya yi baƙi da hayaƙi. "Cikin wanga na dahwa allurar da anka yi ma kwamandoji. Tun ba a haihe ka ba nike tafasa allura. Sirinji biyu gare ni, Gado, biyu tak. Ranar da mutane sunka cika rumfar ga, in sa su cikin tukunyarka in zauna jiran ta yi zahi, in jira ta huce? Wa za ya jira ni? Kuma kai da bakinka ka ce lokotoro ya hana a ɗora ta bisa itace. Ina kananzir ɗin?"

Abin da ya faɗa duk gaskiya ne, ko da yake na ji a jikina ba shi ne dukan gaskiyar ba. A garin babu mai sayar da kananzir sai a ƴar kwalba. Komawa Dutsi kuwa cikin wannan laka, kafin in je in dawo lokotoro ya zo ya wuce. Rannan da la'asar aka bi ta ƙofar asibiti da gawar wani yaro a tabarma. Zazzaɓi ne, kuma uwarsa ta ƙi kawo shi.

Wani falke mai jakuna, Na-Allah, shi ya ce mini a ƙetaren iyaka kananzir kamar ruwan rijiya yake. Ma'aikacin gwamnati ba ya ƙetarawa sai da izinin kwamandan, na sani, in aka kama ni kuwa aikina ne zai tafi. Na kwana ina juya abin. Da asuba na tuɓe kakina na sa wata tsohuwar riga ta Majo, na naɗa rawani, na bi bayan jakunan Na-Allah kamar yaron falke.

Ku da kuke tambaya yaya iyaka take, babu komai. Ba ganuwa, ba kogi. Hanya ce siririya cikin gero da ya fi mutum tsawo, sai wani guntun ƙarfe da aka kafa gindin kalgo. Na-Allah ya nuna shi da sanda ya ce, "To, Malam, ka baro Faransi." Gonar da ke dama da wadda ke hagu duk ta mutum ɗaya ce. Rumfar ƴan duwan, masu tsaron iyaka, tana can kan babbar hanya, mu muka zaga ta baya.

Mutanen can danginmu ne, Arawa ne kamar mu, zanen fuska ɗaya, magana ɗaya. Amma da ka shiga babban garinsu sai ka ga bambanci. Motarsu ta hannun hagu take bi, saura kaɗan wata ta kwashe ni ina duban inda ba nan ba. Mu gardin kwamandan muke tsoro, su dogari da ɗan doka. Ba ka ganin Bature yana yawo cikin kasuwa da bulala kamar namu, komai sai a ce sarki ya ce. Matan manyan gidaje ba sa fita da rana, ba kamar namu da ke noma gamana, ƴar gonarsu ta kansu, su kai kasuwa da kansu ba. Da safe suna shan shayi da madarar gwangwani da wani burodi mai laushi kamar auduga, mai zaƙi, wanda in ka matse shi a hannu sai ya koma loma ɗaya. Na ci don yunwa, amma fura ta fi shi riƙe ciki.

Na sayi garwar kananzir ba wuya. Da na bi shawarar Na-Allah da mun juya nan take, amma zuciya ta ce in leƙa asibitinsu in gani. Na tarar da layi har waje, kuma da yawa daga cikin masu jira mutanen Tungar Maje ne, sun yi wannan tafiya da yara a goye. Ina tsaye sai wata mata ta ƙura mini ido ta ce, "Ai wanga anfirmiyen Dutsi na! Shi ya yi ma ɗiyata magani bara!" Kai, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga ɗan doka tsaye bakin ƙofa da kulki.

Mai asibitin ya leƙo. Su dispensa suke ce wa irinmu, sunansa Malam Sani, gajere mai fara'a, da gajeren wando da doguwar safa. Ya dube ni ya dubi rawanina da ya karkace, ya ce, "Shigo daga ciki, abokin aiki. Bar shi, ɗan doka, baƙona ne."

Da ya sallami mutane ya kai ni gidansa, aka kawo tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Na faɗa masa komai, don na gaji da riƙe abin ni kaɗai. Ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ja ni baya ya nuna mini tasa tukunyar. Ƙirar ta bambanta da tamu amma aikin ɗaya.

Ya ce, "Ka ga wannan? Da aka aiko da ita, da ƴar takarda da Turanci aka haɗo, babu mutum. Na karanta na ga ana ta maganar hatsari, na ce ba da ni ba. Ka san abin da na yi da ita? Goro na riƙa ajewa a ciki, ba ya bushewa. Sai da wani likita ya zo ya kwana biyu nan, ya tuɓe riga muka yi tare. Bai kuma yi mini a gaban jama'a ba. Da a gaban jama'a ya yi, da har yau goro ke ciki."

Na tambaye shi yadda yake yi da layi. Ya ce tun kafin ya buɗe ƙofa yake dafa duk abin da zai yi aiki da shi a yinin, ya jera cikin kwano mai murfi. In kananzir ya yanke, gawayi yake sa wa a kurfoti, wato abin da mu muke ce wa furno, in agogo ya hau ya janye garwashi da cokali. Ya nuna mini da hannunsa. Ina shirin yabonsa sai ya nuna wani kwali bisa kanta, ƙura ta rufe shi. "Kada ka ɗauke ni gwani. Wancan na awon jini ne, ana ɗaura shi a dantse a hura. Tun bara yake nan. Jira nake wani ya zo ya nuna mini." Da zan tafi ya ƙunsa mini allurai da sirinji cikin auduga, ya ce in gai da dattijon, in kuma bi shi a hankali.

A dawowa sa'armu ta ƙare. Muna fitowa daga cikin gero sai ga ɗan duwan zaune gindin kalgon nan da bindiga bisa cinya, wani dogon Bazabarme. Na-Allah ya san yadda suke gamawa da shi, amma ni baƙuwar fuska ce, ga garwa sabuwa fil. Ya sa na kwance ƙunshin da ke aljihuna. Da ya ga allurai sai fuskarsa ta canza. Ya ce ni ne irin masu yawo ƙauye suna yi wa mutane allurar ƙarya, zai kai ni Doso a ɗaure.

Na ga ƙarya ba za ta fisshe ni ba. Na ce masa da Faransanci ni anfirmiye ne, kayan na asibitin Tungar Maje ne. Ya miƙe tsaye. "Na Majo? Matata na kwance, ba ta iya zama bisa ɗuwawunta saboda allurar tsohon nan!" Na ce a raina shi ke nan, na fita daga ruwa na faɗa wuta. Na daure na gaya masa abin da tukunyar ke yi da dalilin da ya sa na saɓa doka. Sannan ya tura garwar da ƙafa ya ce, "Ɗauki. Ban gan ka ba. Amma gobe ka zo ka duba ta." Na je kuwa, na tsaga kumburin na wanke, ta samu sauƙi.

Majo ya ga kananzir, ya ga sababbin allurai, ya ga hujjojinsa sun ƙare. Na jira sai da rana ta yi sanyi, na rufe ƙofar asibiti da taga, daga ni sai shi. Na ce, "Baba, ba koya maka zan yi ba. Riƙe mini za ka yi, ni ma tsoronta nake."

Ya zauna bisa benci. Can ya ce, "Cikin jirgin ruwa da anka kai mu yaƙi, wani bututun tururi ya hwashe. Abokina na kusa. Ni na yi jinyar shi. Hwatar huskarshi ta biyo auduga." Na ce Allah ya jiƙansa. Na nuna masa ƴar ƙofar da tururi ke fita da kansa in ya yi yawa, na bar shi ya taɓa, ya jujjuya. Ya ɗaure kusoshin da hannunsa, hannun soja, sun fi nawa ɗauruwa. Muka kunna risho.

Na ce, "To Baba, ka dubi allurar agogon. In ta kai jan layin nan sai ka rage wuta."

Ya sunkuya. Ya ja kai baya. Ya ƙara ja baya yana ƙanƙance ido. Sai ya ce, "Ta kai."

Ruwan ko ɗumi bai gama yi ba. Allurar na kwance inda take.

Na dube shi, ya dube ni. Mutumin da ya hango ni bisa raƙumi tun daga bakin fadama, ashe abin da ke gaban hancinsa ne ba ya gani. Na kashe risho. Ya ce a hankali, "Ya daɗe. Rubutu ya hwara ɓace mani, sannan layin sirinji. Da hannu nike aunawa. In sunka sani za su ce in tahi gida. Gado, ina da iyali, kuma ban iya komi ba sai wanga aiki."

Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba. Na yanko filasta mai faɗi na manna a gilashin agogon daidai jan layin, fari ƙal, wanda ko daga ƙofa ana gani. Muka sake kunnawa. Da baƙar allurar ta shige ƙarƙashin farin sai ya rage wuta da kansa. Da ta yi huci ya runtse ido ya kama gefen tebur, amma bai gudu ba. Muka yi ta maimaitawa a kwanakin da suka biyo, kan risho da kan gawayi, har ya fi ni gane ta da kunne. Mutane suka fara leƙowa, don maganar Gwamma cewa babu kowa cikin tukunyar ta iso, matar ɗan duwan kuma ta tashi.

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Tukunya ta gyaru, ido fa? Mutumin da ke auna kini da hannu, wata rana zai zarce wa jariri. In na faɗa na kashe aminin ubana, in na yi shiru ban san wa zan kashe ba. Na same shi na ce, "Baba, ni ba zan kai ka ƙara ba. Amma in lokotoro ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba." Daga ranar aka riƙa kawo mini tuwona ɗaki ni kaɗai.

Lokotoro ya iso bisa doki, da gardi ɗaya. Majo ya sa kakinsa da lambobinsa na soja, ya jera kaya, ya ɗaure, ya kunna, ya sauke, ba kuskure ko ɗaya. Lokotoro ya ga filastar ya ce dabara ce mai kyau, bai tambayi dalili ba. Ya yaba, ya ce zai gaya wa kwamandan a bar asibiti. Ni ina tsaye a kusurwa, ina roƙon Allah kada ya juyo gare ni, ina kuma roƙon ya juyo. Ya ɗauki hularsa ya nufi ƙofa.

Sai Majo ya ƙame ya ce, "Lokotoro, da saura. Idona ba shi ganin kusa. Yaron ga ya sani, ya rufa mani asiri. Ni ka hwaɗi da bakina."

Lokotoro ya tsaya. Ya ajiye hula. Sai ya zare tabaran da yake karatu da shi daga aljihu, ya maƙala wa Majo a fuska da hannunsa. Sannan ya ɗauko ɗaya daga cikin tsofaffin sirinjin nan biyu, wanda Majo ya wanke da safe, ya miƙa masa ya nuna taga.

Majo ya ɗaga shi cikin haske. Daga inda nake ina ganin abin da yake gani: wani baƙin busasshen jini da ya daskare a gindin gilashin, inda allura ke shiga. Ya juya shi, ya sake juyawa.

Ya ce, "Mutum nawa na soka da wanga?"

Ya zauna bisa benci da tabaran a fuska. Sannan ya tashi ya ɗebo ruwa da sabulu, ya tattaro duk wani ƙarfe da gilashi da ke ɗakin, har da waɗanda muka riga muka dafa, ya fara wankewa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne ga taga. Lokotoro ya naɗe hannun riga ya tsaya gefensa yana ɗauraya.

Ba a kore shi ba. Lokotoro ya bar masa tabaran, ya ce shi zai nemi wani a Yamai, ya kuma ce in kaka ta yi za a kai shi a auna idonsa sosai. Ni kuwa da ya ga garwa mai rubutun Ingilishi, ya dube ni ya ce wannan maganar sai mun koma gida. Mun koma, ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba, amma a ofis, ƙofa a rufe, kuma bai kai ta gaba ba.

Ranar da zan taso Majo ya raka ni har bakin fadama, tabaran ɗaure da zare ta bayan kai don ya yi masa yawa. Ban san ko ya huce da ni ba, don tun ranar da na ce ba zan yi ƙarya ba bai yi mini wata doguwar magana ba. Da za mu rabu na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya kama kafaɗata ya tashe ni.

Ya ce, "Ka gai da tsohonka. Kuma Gado, ranar da naka idon ya hwara, kada ka jira sai an aiko maka da yaro."